Tawada da Kaki: Tunawa da Kakana

Duk wanda ya taɓa sayen tsire ko ƙosai a tashar Gaya ya san inda jarida take ƙarewa a ƙasar nan. Jiya minista ne a shafin farko, yau mai da yaji sun jiƙe masa fuska. Mu da muka tashi da waya a hannu ba mu ganin komai a cikin haka. Kakana na wajen uwa kuwa, in aka kawo masa nama a naɗe cikin jarida, sai ya zazzage naman a kwano, ya shimfiɗa takardar a gwiwarsa, ya goge ta da tafin hannu, ya shiga neman kuskuren bugu. In ya samu ɗaya sai ya yi tsaki ya ce, "Da mu na, da wanga bai wuce ba." Kusan shekara talatin ya yi yana aiki a gidan jaridar gwamnati a Yamai, har mutanen Junju suka bar sunansa na yanka suna kiransa Mai Jarida. Mu jikoki Baba Tsoho muke ce masa. Kafin aikin jarida kuma ya taɓa zama shugaban wani rukunin 'yan milisi a yankinmu. Bara ya rasu, bayan an gama girbin hatsi.

A wurin zaman makoki kowa aikin jarida ya ambata, da haƙurinsa, da wasiƙun da ya rubuta wa mutane kyauta. Maganar milisi ba wanda ya ɗago ta. Da na gaya wa mahaifiyata zan rubuta wani abu a kansa a wannan ɗan littafi namu, sai ta ce, "Ka rubuta na jarida, ka bar wancan. Ba a tona ma mamaci asiri." Na gane abin da take tsoro. Amma shi da bakinsa ya ba ni labarin, ba a cikin maye ko gigin tsufa ba, kuma ya san ni mai rubuce-rubuce ne. Don haka zan kawo duka biyun. Sunaye ne kawai zan ɓoye, tunda iyalai suna nan da ransu, muna cin kasuwa ɗaya.

Takardar haihuwarsa irin ta mutanen da ce, wadda aka rubuta wa "né vers 1940", wato an haife shi wajajen 1940. Ya yi lakkwal a Gaya, a zamanin da iyaye suke ɓoye 'ya'yansu cikin rumbu don kada a kai su karatun Nasara. Bai wuce firamare ba, ya dawo gida yana noman rake da rogo a fadamar Dallol Mawri, yana karanta wa mutane takardun haraji. Wanda ya san Junju ya san iyakar Najeriya a bayan ɗakinmu take. Rabin danginmu suna Kangiwa da Kamba da Argungu. Mutum yakan yi sallar asuba a Nijar ya ci kasuwa a Najeriya ya dawo kafin la'asar. Ku riƙe wannan, don shi ne ya jawo wa yankinmu abin da ya biyo baya.

Da yawanmu abin da muka haddace a lakkwal shi ne 18 ga Disamba 1958 da 3 ga Agusta 1960. Abin da ke tsakani ba a cika tsayawa a kansa ba. Ranar 28 ga Satumba 1958 aka yi ƙuri'ar raba gardama ta De Gaulle. Jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary, mai alamar raƙumi, ta ce a'a, a ba mu 'yanci yanzu. Jam'iyyar RDA ta Diori Hamani da Boubou Hama, mai alamar giwa, ta ce i. Masu i suka ci, da goyon bayan gwamnan Faransa da sarakuna da yawa. A watan Oktoba 1959 aka haramta Sawaba, Djibo ya koma zaman gudun hijira, Nijar ta zama ƙasar jam'iyya ɗaya. Matasan Sawaba da dama suka fita, wasu suka sami horon yaƙi a Aljeriya da Sin da Biyetnam ta Arewa, suka taru a Gana ta Nkrumah. A ƙarshen daminar 1964 suka soma shigowa ƙungiya-ƙungiya ta iyakokin kudu, ta Dahome da ta Najeriya. A wannan lokacin ma akwai rikici tsakanin Nijar da Dahome a kan tsibirin Lete, nan kusa da Gaya, wanda sai a 2005 kotun duniya ta yanke hukunci ta ba Nijar. Kowa a tsorace yake, kowane baƙo abin zargi ne.

Sojan ƙasar a lokacin kaɗan ne, ba su isa tsaron iyaka mai wannan tsawo ba. Sai gwamnati ta dogara da 'yan milisi na jam'iyya da mutanen ƙauyuka. Baba Tsoho ya ce su wajen ashirin ne a rukuninsu, yawancinsu sanda da adda da kwari da baka suke riƙewa. Shi aka ba shugabanci, ba don ya fi kowa ƙarfi ba, sai don shi kaɗai ya iya karanta takardar umurni ya kuma rubuta rahoto. Aka ba shi kaki. Ya ce ranar da ya fara sa shi ya ratsa kasuwa, dattijan da suka yi masa kaciya suna gaishe shi tun daga nesa. "Aboki," in ji shi, "ba ni yi maka ƙarya, na ji daɗi. Yaro ɗan shekara ashirin da huɗu, tsohi na kauce mishi hanya. Wa ka ƙin wannan?"

Wani dare suna gadi a wata ƴar hanya da ke bi cikin giginya ta nufi iyaka, sai suka kama wani saurayi ɗauke da ƙwaryar fura da ta fi cikin mutum ɗaya. Ɗan wani ƙauye ne kusa da mu, Baba Tsoho ya san shi, sun yi kokawa a dandali ɗaya. Kowa kuma ya san wansa ɗan Sawaba ne da ya bar gari da daɗewa. Saurayin ya ce makiyaya zai kai wa. Yaran ba su yarda ba, suka rufe shi da duka. Baba Tsoho ya shiga tsakani ya hana, ya ce su ba 'yan fashi ba ne, akwai hukuma, a bi ƙa'ida. Ya zauna a gaban fitilar ƙwai, ya ɗauki alƙalami, ya rubuta sunan saurayin da na ubansa da na wansa, da wurin da aka kama shi da abin da yake ɗauke da shi. Da gari ya waye aka tafi da shi da takardar.

Nan ne duk sanda ya zo a labarin yakan yi shiru ya daɗe. Abin da ya gaya mini ke nan, yadda ya faɗe shi: "Da na bari sunka buge shi sunka sake shi, da gida za shi kwana da kumburi, uwa tai ta gasa mishi jiki. Ni da na hana bugu, ni na rubuta. Sanda ta ka warkewa. Takarda ba ta warkewa." Na tambaye shi ko da gaske ne furar ta 'yan Sawaba ce. Ya ce, "Mu ɗauka gaskiya na. Wanka na cikin daji da yunwa, ya aiko maka. Kai mi za ka yi?"

Shekara bakwai saurayin ya yi a tsare. Da ya dawo, ubansa ya rasu, an raba aurensa, kunnensa ɗaya ba ya ji, ga tari da bai rabu da shi ba har ya koma ga Allah. Wansa kuwa ba a sake ganinsa ba. Kwanakin nan ne, a watan Oktoba 1964, aka harbe wasu 'yan Sawaba a bainar jama'a a Yamai. Ranar 13 ga Afrilu 1965 kuma aka jefa wa Diori gurneti a filin idi ranar Babbar Salla, ya tsira, wani yaro ƙarami ya mutu, kame-kame ya ƙaru. Giwa da raƙumi suka yi faɗa, ciyawa ta sha takawa.

Ga abin da ya fi yi mini nauyi. Rahotannin da Baba Tsoho yake aikawa sun faɗa hannun wani babba, ya ga rubutu mai kyau, Faransanci ba kuskure, ya ce wannan yaro bai kamata ya zauna ƙauye ba. Haka aka kira shi Yamai aka sa shi a gidan jarida, lokacin ana kiranta Le Temps du Niger. Da albashin nan aka sa mahaifiyata a lakkwal, da shi aka yi gidan kwanon da aka haife ni a ciki, da fanshonsa aka saya mini kaye da biki har na ci bak. In na ce ba ruwana da daren nan na 1964, to da wane kuɗi na koyi rubutun da nake yi yanzu?

A Yamai daga ƙasa ya fara. Yana naɗe jarida, yana ɗora ta a keke yana rarrabawa a ofisoshin ministoci tun kafin rana ta fito. Daga nan aka koya masa jera haruffan dalma. Ku da kuka saba da kwamfuta, ku sani a da kowane layi sai an haɗa shi da ƙarfe, a juye, kamar yadda rubutu yake fitowa a madubi, sannan a shafa tawada a danna a takarda. Kuskure ɗaya, sai a warware layin a sake. Ya ce ana ba su madara su sha saboda gubar dalma, kuma aikin dare ne, don dole jarida ta fito da asuba ko da wa ya mutu. Saboda wannan horo, har ya tsufa yana iya karanta takarda a juye. In ka zauna gabansa da sakamakon jarrabawa kana kare shi da hannu, ya riga ya karanta daga inda yake. Tawada ta zauna a gefen farcensa, kakata ta ce shekara biyu bayan ya bar aiki tana ganinta.

Yana da wani ƙorafi da yake ba mu dariya. Sunan garinmu a takardar hukuma Dioundiou ne, harafi tara. Da Hausa Junju, harafi biyar. Yakan ce, "Nasara sun ɓata dalma tara inda biyar ta isa." Duk da haka, duk ranar da sunan garin ya fito a jarida, ko da labarin wani sufurefe ne da ya kawo rangadi, sai ya ajiye kwafi ɗaya a akwatinsa na ƙarfe. Ya ce a shekara talatin bai cika rabin akwatin ba. Da aka mai da Junju departama a 2011, ya daɗe da barin aiki, amma sai da ya aika aka sayo masa jaridar daga Doso.

Ranar 15 ga Afrilu 1974 sojoji ƙarƙashin Seyni Kountché suka kifar da Diori, bayan shekarun fari da yunwa da suka cinye dabbobi da mutane. Aka kashe matar shugaban, Aïssa Diori, a daren. Aka rushe majalisa da jam'iyya, aka saki fursunonin siyasa, Djibo Bakary ya dawo gida, ko da yake a 1975 shi ma aka sake kama shi. Baba Tsoho ya ce da gari ya waye, mutanen da jiya suke rantsuwa da giwa sun zama ba su taɓa jin sunanta ba. Shi ma ya ƙona katin jam'iyya a murhu. Kakin da ya taho da shi daga Junju kuwa, kakata ta sa almakashi ta yanka ta ɗinka wa kawuna gajeren wando biyu. Ta ce kayan aro dama ba ya rufe katara. A shekarar aka sauya sunan jaridar ta koma Le Sahel. Aka sauke hoto ɗaya a bango aka rataya wani. Hannayen da suka jera jawabin Diori su suka jera na Kountché, su kuma suka jera labarin rasuwarsa a watan Nuwamba 1987, da hawan Ali Saibou.

Na taɓa tsokanarsa, irin wasan jika da kaka, na ce ashe kai duk wanda ya hau kai ne marokinsa. Bai yi fushi ba. Ya ce shi bai taɓa rubuta labari ko ɗaya ba, nasa shi ne kada harafi ya karkace. Sannan ya ƙara da cewa, "Amma na iya karatun jarida ta hanyar da ku ba ku iya ba. In kun karanta abin da anka rubuta, ni sai in duba wa anka bari." Ya ce a watanninsa na farko a Yamai ya bi tsofaffin kwafi na ƙarshen 1964 ɗaya bayan ɗaya, yana neman sunan saurayin nan mai fura. Bai same shi ba. Mutumin da aka ɗauke wa shekara bakwai, ko layi ɗaya bai samu ba. Wurin da kawai aka taɓa rubuta sunansa shi ne takardar da Baba Tsoho ya rubuta da hannunsa.

Yana Yamai ranar 9 ga Fabrairu 1990, da aka buɗe wa ɗalibai wuta a gadar Kennedy, uku suka mutu. Mu yanzu kowace shekara muna tunawa da ranar a makarantu. A shekarar ce jarida mai zaman kanta ta farko a wannan zamani, Haské, ta fito. Ya ce da kuɗinsa yake saye, yana kirga kurakuran bugu yana tsaki, amma yana karantawa har shafin ƙarshe. Da aka buɗe Babban Taron Ƙasa ranar 29 ga Yuli 1991, wanda André Salifou ya shugabanta har zuwa 3 ga Nuwamba, rediyo ba ta bar kunnensa ba. Ana ta tono laifuffukan gwamnatocin baya. Ya ce kullum yana jin kamar za a kira sunansa, rabin zuciyarsa na tsoro, rabi na so a kira a huta. Ba wanda ya kira. "Ƙananan mutane irinmu," in ji shi, "ba mu shiga lissahi, da wanda ya yi da wanda anka yi ma."

Shekara guda bayan karya darajar sefa ta Janairu 1994 ya bar aiki ya dawo Junju. Ya tarar da mutumin nan yana raye, ya sake aure, yana da 'ya'ya, yana kawo igiya da tabarma kasuwa. Shekaru suna haɗuwa, gaisuwa kawai. Wata rana Baba Tsoho ya sayi goro ya hau keke ya tafi ƙauyensu shi kaɗai. Mutumin ya shimfiɗa masa tabarma, ya sa aka kawo ruwa. Baba Tsoho ya matsa ta wajen kunnen da ke ji, ya faɗi abin da ya kawo shi. Mutumin ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Sha ruwa. Wagga magana ta hi ƙarhina, sai mun je can." Bai ce ya yafe ba, bai kuma kore shi ba. Goron ma ya karɓa. Da ya rasu bayan 'yan shekaru, Baba Tsoho ya je jana'iza ya tsaya a sahun ƙarshe.

Abin da ya sa na ga wannan labari namu ne, mu matasa, shi ne abin da ya faru a 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, da CEDEAO ta yi barazanar kawo yaƙi, aka rufe gadar Gaya da Malanville, a watan Agusta dubban matasa suka taru a filin wasa na Seyni Kountché a Yamai don su rubuta sunansu a matsayin 'yan sa-kai. Ɗan kawuna na cikin masu niyya. Ya kira gida yana neman albarka, aka kai wa Baba Tsoho wayar. Ina wurin. Bai hana shi ba. Ya ce ƙasa ta kowa ce, kuma wanda aka zo ƙona wa gida ba a ce masa ya naɗe hannu. Mu da muke jin abin da 'yan bindiga suke yi a ƙauyukan Kabi da Sakkwato da Zamfara, da ma wannan gefen namu, mun san wannan ba zancen wasa ba ne. Amma ya ce masa, "Kahin ka amshi sanda, tambayi abu biyu. Wa ka ba ka umurni, kuma ina a ka kai wanda kunka kama. In ba su ba ka amsa ba, to ka san wata rana maƙwabcinka za ka kamawa, ba baƙo ba." Ya ce su ma a 1964 an gaya musu baƙi ne za su zo daga Sin. Wanda ya faɗo hannunsu, abokin kokawarsa ne.

Akwai wani masanin tarihi ɗan ƙasar Holan, Klaas van Walraven, da ya yi shekaru yana bin tsofaffin 'yan Sawaba gari-gari yana jin ta bakinsu, ya fitar da babban littafi a 2013. Daga Turai ya taso ya zo ya tambayi kakanninmu. Mu muna kwana gida ɗaya da su, muna karɓar kuɗin kati a hannunsu. Waɗanda suka ga 1964 da idonsu yanzu sun haura tamanin, kowace damina ana rage su. A gidanku wataƙila akwai wanda ya sa kaki, ko wanda aka ɗaure, ko tsohuwar da ta dama furar. Ku kai musu goro ku zauna. Kada ku je da hukunci a aljihu, don in sun hango shi ba za su buɗe baki ba.

Ranar addu'ar uku ta Baba Tsoho, wani magidanci ya zo daga ƙauyen can, ya zauna a gefe har aka shafa fatiha. Mahaifiyata ta gane shi, ta sunkuyar da kai. Ɗan mutumin nan ne mai fura. Da zai tafi na raka shi bakin hanya inda ya jingine babur ɗinsa. Ya ce mini, "Babanmu ya ce su ashirin na a daren, amma cikinsu duka kakanka ɗai ya zo har gida." Bai ƙara komai a kai ba, ni ma ban nemi ƙari ba. Ya tada babur ya tafi.

Allah ya jiƙan Baba Tsoho, ya jiƙan mutumin da ya rubuta wa suna, ya jiƙan wansa da ba a san kabarinsa ba. Sun riga mu isa inda za a yi maganar.